Loma da Ƙafa: Tsare Haɗiya da Tsokar Tsofaffinmu



An nemi in yi magana a kan tsofaffin da jikinsu ya fara rauni, musamman abubuwa biyu da ke sulalewa daga gare su ba a ankara ba, wato ƙarfin haɗiya da tsokar jiki. Mutane kan raba su, a ce wannan ciwon maƙogwaro ne, wancan kuwa mutuwar ƙafa ce. Abin da na zo da shi yau shi ne tushensu ɗaya. Harshe tsoka ne, maƙogwaro ma tsoka ne, abin da ke cinye cinyar tsoho shi ke cinye su. Kuma sau da yawa mu 'ya'ya da jikoki, da ƙaunarmu da ladabinmu, mu ke ƙara wa abin gudu.

Bari mu fara da loma. Kafin ta isa ciki, tsokoki fiye da 30 ke aiki a jere. Haƙora su niƙa, yawu ya jiƙa, harshe ya dunƙule ta ya tura ta baya. A ƙasan maƙogwaro hanya ta rabu biyu, ta gaba ta iska ce mai zuwa huhu, ta baya ita ce ta abinci. Ku ɗora yatsa a kan zakaran wuyanku ku haɗiyi yawu. Kun ji ya yi sama ya dawo? Wannan tashin nasa shi ke sa wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya, bakin hanyar abinci ya buɗe. Duk wannan bai cika daƙiƙa ɗaya ba. Tsokokin da ke ƙarƙashin haɓa su ke jan zakaran wuya sama. In suka yi rauni, murfin zai makara, sai ɗigon ruwa ko ɓarɓashin tuwo ya bi hanyar huhu. Mai ƙarfi zai ƙware, ya yi tari ya fitar. Tsoho mai rauni tarinsa ba shi da ƙarfi, wani ma ba ya jin shigar abin sam, ba tari ba ƙwarewa. Bayan kwana biyu sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama, a kai shi asibiti a ce limoniya ce. A gida kuwa za a ce sanyi ne ya kama shi.

Ita tsoka tun mutum yana shekara 30 take fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, bayan shekara 60 kuma raguwar ta ƙara sauri. A 1989 wani likita a Jami'ar Tufts da ke Amurka, Irwin Rosenberg, ya sa wa wannan zaizayewa suna sarkofeniya, domin likitoci su daina ganinta a matsayin tsufa kawai. Abin da ya fi shekaru cin tsoka shi ne kwanciya. A 2007 masu bincike a jihar Arkansas ta Amurka sun kwantar da tsofaffi 12 masu ƙoshin lafiya, 'yan kimanin shekara 67, kwana goma a gado, ana ba su abinci yadda ya kamata. Da suka tashi, a matsakaici sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu, ƙarfin gwiwa ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Lafiyarsu lau fa, ba zazzaɓi, ba gudawa. To ina ga tsohuwar da maleriya ta kwantar mako biyu, ba ta shan komai sai koko?

Tsoka ita ce rumbun jiki. In ciwo ya zo, abinci ya yi ƙaranci, jiki a rumbun yake ɗiba don ya yaƙi cuta ya warkar da rauni, kuma ba ya ware cinya daga harshe. Daga nan abin ke zagaye. Tsoho ya kwanta ciwo, tsoka ta ragu, haɗiya ta yi wuya, ya rage ci don tsoron ƙwarewa, tsokar ta ƙara raguwa, abinci ya faɗa huhu, ya sake kwanciya. Likitocin Japan, ƙasar da kusan kashi 3 cikin 10 na mutanenta sun kai shekara 65, su suka fi kowa bin diddigin wannan, domin sun yi ta ganin tsofaffin da suka shiga asibiti da karaya ko limoniya suna cin abincinsu daidai, suka fita ba sa iya haɗiya, alhali babu abin da ya taɓa ƙwaƙwalwarsu. Kwanciya da hana abinci ne suka yi aikin.

Yanzu mu dubi gidajenmu. Mu mutane ne da ba ma kai iyaye gidan ajiye tsofaffi, kuma wannan alheri ne da nake roƙon Allah Ya dawwamar mana. Amma ku duba yadda muke nuna girmamawa. Baba ya miƙe zai ɗauko buta, yaro ya riga shi. Inna ta ɗauki tsintsiya, suruka ta karɓe, ta ce haba Inna, ina raye ki yi shara? A hana shi leƙa gona, a hana ta gyaran wake da ɓarar gyaɗa, a shimfiɗa tabarma a ce su huta, sun yi nasu. Niyyar mai kyau ce, lada ma ana samu. Sai dai ƙafar da ba ta aiki tafiya take yi, kuma wanda ya wuce 75 in ya rasa ta, dawo da ita sai an sha wuya. Ga kuma ɓangaren abinci. Haƙora sun zube, sai a cire nama. An ce yana da hawan jini, sai a cire ƙwai. An ce ciwon suga, sai a cire kusan komai. Abin da ya rage koko da safe, kunu da rana, ɗan tuwo da dare. Ciki ya cika, amma abin gina jiki babu.

Alamomin ba su da wuyar gani ga wanda ke zama kusa da tsoho lokacin cin abinci. Tari ko gyaran murya yayin ci ko shan ruwa. Murya ta jiƙe bayan ya kurɓa, kamar akwai ruwa a wuyansa. Abinci ya taru a kumatu. Kwanon da yake gamawa da wuri yanzu ya haura rabin awa a gabansa. Yawu na dalala. Zazzaɓin da ke zuwa yana komawa. Zobe ya yi wa yatsa yawa, wando yana zamewa. Da kuma tsohon da ya fara cewa shi ba ya son abin da a da yake so. Wani lokacin tsoro ne ya hana shi, kunya kuma ta hana shi faɗa.

Akwai gwaji uku da kowa zai iya a tsakar gida. A zaunar da tsoho a kujera, ya harɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. In ya wuce daƙiƙa 15, ko ya kasa sai da dafawa, ƙwararrun Turai a ma'auninsu na 2019 sun ɗauki wannan a matsayin raunin tsoka. Na biyu daga Jami'ar Tokyo ya fito: ya haɗa manyan yatsunsa da manuniya ya zagaye sha-raɓarsa inda ta fi kauri. In yatsun sun haɗu har da rara, tsoka ta tafi. Na uku, a ɗora yatsa a zakaran wuyansa a ce ya yi ta haɗiyar yawu tsawon daƙiƙa 30. In bai kai sau uku ba, a nemi likita.

To me za a ci? A 2013 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar cewa wanda ya wuce 65 yana bukatar furotin giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum, in yana jinya har 1.5. Wannan ya fi abin da aka ƙayyade wa matashi, wato giram 0.8, saboda tsokar tsoho ba ta amsa abinci da sauri kamar ta yaro. Tsohuwa mai kilo 50 ke nan tana son giram 50 zuwa 60. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin nono ko kindirmo kimanin 8. Kofin dafaffen wake kimanin 13. Kofin koko tsararo da ƙyar ya ba da 2 ko 3. Ku lissafa da kanku ku ga inda Inna ta tsaya. Kuma a raba shi sau uku, kar a tara shi duka a tuwon dare. Wanda ciwon ƙodarsa ya yi tsanani shi ne aka keɓe, shi likitansa ne zai yanka masa ƙima. Hawan jini kuwa gishiri yake ƙi da yawan magi, bai hana ƙwai ko kifi ba.

Na san halin da ake ciki da tsadar nama. Amma Allah Ya hore mana abinci masu laushi masu gina jiki da ba su kai nama kuɗi ba. Alale, faten wake da aka dafa ya yi luguf, awara da aka dafa cikin miya maimakon soyawa, kunun gyaɗa mai kauri da madara, dafaffen ƙwai da aka marmasa cikin miya, kifi da aka cire ƙaya tsaf aka farfasa. A niƙa waken soya da aka soya da gyaɗa a haɗa da garin kunu. A daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi a zuba a miya. Cokalin man gyaɗa ko manja a cikin fate yana ƙara kuzari ba tare da ƙara yawan abin da za a haɗiye ba. Miyar kuka da ta kuɓewa suna da amfani a nan, yauƙinsu yana haɗe loma ya sa ta wuce.

Abin da nake so ku yi hattara da shi iri uku ne, kuma na farkon zai ba ku mamaki: ruwa. Ruwa zalla ya fi komai saurin gangarawa, yakan riga murfin rufewa. Haka shayi. Na biyu, abincin da ke haɗe da ruwa da gudaji, kamar furar da ba a dama sosai ba, garin kwaki da aka jiƙa da gyaɗa, burodi a cikin shayi, lemu da kankana. Baki yana fama da gudaji, ruwan ya riga ya zurara. Na uku, busasshe mai warwatsewa da mai danƙo: dambun nama, kilishi, gyaɗa, aya, da babbar lomar tuwo ko teba ko sakwara. A Japan duk sabuwar shekara hukumar kashe gobara ta Tokyo takan gargaɗi iyalai a kan wani dunƙulen shinkafa mai danƙo da suke ci a bikin, domin yana shaƙe tsofaffi har a rasa rai. Lomar tuwon da aka saba jefawa ba tauna tana iya yin haka. In ta faru, mutum ya kasa magana da tari, a sunkuyar da shi a bugi tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi sau biyar, in bai fito ba a rungumo shi ta baya a danna saman cibiya ciki da sama sau biyar, a yi ta maimaitawa. Kar a ba shi ruwa.

Kar kuma wani ya tashi daga nan ya hana tsoho ruwa, ko ya mayar da komai kirtif. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, a kan mutum 515 masu gigin tsufa ko ciwon karkarwa na Fakinsan, waɗanda aka riƙa kaurara wa abin sha sun fi samun ƙarancin ruwa a jiki, waɗanda aka yi wa mafi kauri kuma in limoniya ta kama su sun fi daɗewa a asibiti. Kauri kaɗan, irin na kunun da ke zuba daga cokali, ya isa ga yawancinsu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, ga zafin bazara ga bushewar hunturu, don haka sai an riƙa kawo masa, kurɓi-kurɓi, yana zaune.

Zaman nan shi ne rabin aikin. Ya zauna sosai, bayansa a miƙe, haɓarsa ta ɗan yi ƙasa. Mai ba shi ya zauna daidai da shi, don in ka tsaya a kansa zai ɗaga kai, ɗaga kai kuwa buɗe hanyar huhu yake yi. Ƙaramin cokali. A jira a ga zakaran wuya ya tashi ya sauka kafin a kai na gaba. Ba hira da abinci a baki, ba gaggawa. In yana gyangyaɗi a dakata. In hannunsa na iyawa, a bar shi ya ci da kansa ko zai ɓata riga, don shi ya san lokacin da ya shirya. Bayan an gama a duba kumatu, ya zauna rabin awa kafin ya kishingiɗa.

Ina roƙonku da babbar murya a kan ɗura. Mutum ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, abu na farko da ake yi shi ne a tallafo kansa a ɗura masa ruwa, ko madara, ko jiƙo, ko rubutu. Kusan rabin waɗanda wannan ciwo ya kama ba sa iya haɗiya daidai a kwanakin farko, abin da aka ɗura huhu yake tafiya. Ba na hana kowa addu'a, ni ma da ita na dogara. A yi tofi, a shafa masa a jiki, amma kar a zuba komai a bakinsa sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa. Haka duk wanda ba ya cikin hayyacinsa.

Sai baki. Abin da ke kawo limoniya ba abincin kaɗai ba ne, ƙwayoyin cutar da ke tafiya tare da shi ne, kuma gidansu dattin haƙora da dasashi da harshe. Ko da dare, ɗan yawu yakan zurara huhun tsoho yana barci. Wani likitan haƙori a Japan, Takeyoshi Yoneyama, da abokan aikinsa sun bi tsofaffi fiye da 400 a gidajen kula da tsofaffi 11 har shekara biyu. Rabi ana goge musu baki bayan kowane abinci, rabi an bar su yadda suka saba. Limoniya ta kama kashi 19 cikin ɗari na waɗanda aka bari, kashi 11 na waɗanda ake gogewa, mutuwa daga ciwon kuma ta ragu da fiye da rabi. Yawancin aikin buroshi ne fa kawai. Mu da addininmu ya kwaɗaitar da asuwaki, bai kamata a ce ranar da Baba ya kasa riƙe shi ranar aka daina ba. Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya ma a naɗe tsumma mai tsabta a yatsa a goge dasashi da harshe da rufin baki. Haƙoran roba a cire su da dare a wanke. Ku kuma masu 40 da 50 da ke nan, ku riƙe naku. Japan ta fara kamfe a 1989 na cewa mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20. Lokacin ko kashi 10 cikin ɗari ba su kai ba, zuwa 2016 sun haura rabi.

Magunguna ma a kai wa likita su duka a leda ɗaya ya duba. Maganin mura irin Piriton, wasu magungunan fitsari na hawan jini, da amitiriftilin suna busar da baki. Na barci irin diyazefam suna kashe kuzarin haɗiya, suna kuma jawo faɗuwa. Kar a daka ƙwaya sai an tambayi mai ba da magani, akwai waɗanda dakawa ke ɓatawa.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gaskiya ne, amma sai an ja ɗin. A 1990 likita Maria Fiatarone ta ɗauki mutum goma a wani gidan tsofaffi a Boston, shekarunsu daga 86 zuwa 96, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako takwas. Tara da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari, tsokar cinya ta ƙaru da kashi 9. A 1994 ta maimaita da mutum 100, ta kuma gano cewa waɗanda aka ba ƙarin abinci kaɗai ba motsa jiki, ƙarfinsu bai ƙaru ba. Wannan bincike shi na fi so ku tafi da shi, domin ya rushe maganar nan ta ai ya tsufa, me ya rage. Tsokar ɗan shekara 90 tana amsawa.

Ba sai da na'ura ba. Tashi da zama daga kujera ko dakali sau goma, safe da yamma, wani na tsaye kusa. Ɗaga dunduniya yana dafe da bango. Yana zaune ya miƙe ƙafa da ɗan ƙunshin yashi a ɗaure a idon sawu, a riƙa ƙara yashin in ya saba, don nauyin da ba ya ƙaruwa ba ya gina tsoka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kwana biyu a mako na irin wannan. Tafiya masallaci da sanda tana da amfani, tsayuwa da ruku'u da tashi daga sujada ma aikin ƙafa ne sau biyar a yini. Wanda ya kasa, shari'a ta sauƙaƙa masa ya yi a zaune. Wanda ciwo ya zaunar na ɗan lokaci kuwa, a taimaka masa ya koma tsayuwa in ya samu sauƙi. Haka azumi: tsohon da ke ramewa yana ƙwarewa a tuntuɓi malamai tare da shi a kan ciyarwa, su ya fi saurara. A asibiti kuma, abokan aikina ma'aikatan lafiya, ranar da zazzaɓi ya sauka ranar ya kamata majinyaci ya zauna bakin gado, washegari ya taka.

Maƙogwaro ma yana da nasa motsin. Reza Shaker, likita a Milwaukee, ya fito da wanda mutum zai kwanta rigingine ya ɗaga kai kawai ya kalli yatsun ƙafarsa, kafaɗu a ƙasa, don ƙarfafa tsokokin ƙarƙashin haɓa. Yana gajiyar da mai rauni, kuma bai dace da mai ciwon wuya ba. Mafi sauƙi, yana zaune ya matse naɗaɗɗen tawul tsakanin haɓa da ƙirji, ya riƙe, ya saki. Ya danna harshe a rufin baki da ƙarfi. A gidajen tsofaffi na Japan kafin abinci sukan maimaita pa, ta, ka, ra da ƙarfi, don leɓe da kan harshe da bayansa su farka. Karatun Alƙur'ani a bayyane da hira da jikoki suna sa waɗannan gaɓoɓi aiki, tsohon da aka bari shiru a ƙuryar ɗaki kuwa ya rasa wannan.

Ƙwararrun haɗiya kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko ma sai 2012 aka buɗe ta a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Don haka tambayar da kan zo wa iyali kai tsaye ita ce ta robar hanci da ake ba da abinci ta ciki. Ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, robar tana da amfani ƙwarai, tana riƙe shi makonnin da haɗiya ke dawowa, kuma ga da yawa tana dawowa. Kar a ƙi ta don tsoro, kar kuma a daina goge baki da motsa jiki don an sa ta. Ga wanda gigin tsufa ya kai shi matakin ƙarshe, lamarin daban ne. Bincike tun 1999 bai nuna robar tana hana limoniya ko ƙara kwana ba, kuma sau da yawa sai an ɗaure hannunsa don kar ya fizge ta. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta ba da shawara a 2014 cewa a ci gaba da ba irin wannan abinci da hannu, a hankali, abin da yake so, gwargwadon abin da ya karɓa. Kafin ku yanke shawara, ku tara 'yan'uwa, ku tambayi likita abu biyu: ana sa ran haɗiyar za ta dawo, kuma yaushe za a sake gwadawa don a cire robar?